NA'URAR ZAMANI, AIKIN GONA DA HAƘƘIN IYALI: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON SHEKARA

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda na'urorin zamani ke sassauta wa mutum aikinsa har ya sami sukunin kula da iyalinsa. Da wani abokina ya ji batun sai ya yi dariya, ya ce ai wannan zancen ma'aikatan bankin Legas ne. Na ce masa ya yi haƙuri, mu mutanen Kura da Bunkure mun riga su sanin wannan al'amari, kuma ruwa ne ya koya mana.

Dattawan da ke zaune a nan sun shaida lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin marigayi Gwamna Audu Baƙo. Ruwan yana gangarowa da kansa ta babbar kwata har gonakin Kadawa da kewaye, ba inji, ba jigo. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne tafkunan da aka haƙa a cikin tsarin domin tara ruwan da ya zo cikin dare, a sake shi da safe. Ma'anar haka ita ce waɗanda suka zana aikin sun bar wa manomi darensa: ya yi ban-ruwa da rana, ya kwana a gidansa.

Sai wayar salula ta iso ƙasar nan a 2001. Kafin ita, mai tumatir kan kai kwandunansa Kwanar Gafan bai san yadda kasuwar Mile 12 ta kwana a Legas ba, abin da dillali ya faɗa shi ke nan. Ma'aikacin gwamnati da ke da eka ɗaya a Kadawa kuwa, in ranar ban-ruwansa ta faɗo Talata, sai dai ya zaɓi wanda zai saɓa wa, ofis ko gona. Yau yana zaune a teburinsa a Kano ƙaninsa zai aiko masa da hoton gonar ta WhatsApp, ya tura kuɗin 'yan ƙwadago, ya ci gaba da aikin da ake biyansa dominsa. Duk wanda ya ga ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi mana a 2016 ya san darajar hoton ganye ɗaya da ya isa hannun malamin gona da wuri.

A ganina, waɗanda suka fi kowa cin moriyar wannan sauyi su ne iyayenmu mata masu turara shinkafa. Sana'a ce ta cikin gida tun asali, amma ciniki yana waje, don haka sai an aiki yarinya da saƙo, ko a jira maigida ya dawo. Yanzu mace tana gaban tukunyarta mai saye zai kira ta, su daidaita farashi, kuɗi su shiga asusunta. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, duk da wahalar da ya jawo, ya tilasta wa da yawa koyon wannan hanya. Yarinyar da ake aikowa ɗin nan, wurinta makaranta ne, kuma uzurin hana ta zuwa ya ragu sosai.

To, amma jama'a, kwata tana da ƙofa wadda ake buɗewa a rufe, waya kuwa ba a yi mata ƙofa ba. Ni kaina na taɓa zama ina sauraren karatun yarona bayan Isha'i, kiran direba ya shigo, na biye masa, na biye wa na biyu, da na waiwayo yaro ya yi barci a kan allonsa. Wannan dare ya tsaya mini a rai. Mutum yana tsakar gidansa amma hankalinsa yana injin casa, ko a kan motar da ta lalace a hanyar Lokoja. Dillali yana kira ƙarfe goma sha biyun dare, shugaban ofis yana aiko da aiki ranar Asabar, kowa yana ganin tun da wayar tana aljihunka, to kai ma kana hannunsa. A Faransa sai da aka yi doka, wadda ta fara aiki a 2017, domin bai wa ma'aikaci 'yancin kashe wayar aiki bayan an tashi. Mu addininmu ya riga ya sanar da mu cewa iyali suna da haƙƙi a kanmu, haka ma jikinmu.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta zauna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, a amince a riƙa tura jadawalin ban-ruwa ta saƙon waya tun kafin mako ya kama. Wanda ya san ranarsa zai tsara aikinsa, ya nemi izini a ofis a kan kari, kuma rigimar tsare ruwa cikin dare tsakanin na sama da na ƙarshen kwata za ta ragu. Ina kuma roƙon kwamitin mata ya shirya zama na musamman a kan bambance saƙon banki na gaskiya da na jabu, domin buhu ɗaya da aka yi wa mace damfararsa jarinta ne gaba ɗaya. Zaurenmu na WhatsApp kuwa, a rufe shi daga Isha'i zuwa Asuba, in ban da sanarwar rasuwa ko ɓallewar kwata. Na miƙa wa sakatare waɗannan shawarwari a rubuce domin a tattauna su kafin a fara shukar alkama.

Allah Ya albarkaci gonakinmu da zuriyarmu.