In ƴan lakwal za su ƙetare iyaka



Yau hirarmu bisa tafiyar ƴan lakwal take. Wani lokaci, in hutu ya kusa, yaro ya kan zo gida da takarda daga wurin direkta. Takardar ta ce aji kaza za su tafi wata ƙasa su yi kwana biyar ko mako guda, ana son uba ko uwa su sa hannu. Can da, mutum dangwala yatsa yake yi bai san abin da ya yarda da shi ba, ko kuma ya ƙi don tsoro. Yanzu kun iya karatu. Takardar nan ko da faransanci aka rubuta ta, kun san lamba, kun san kwanan wata, kun san sunan gari. Saura kuwa ku sa mushe ya fassara muku, layi bayan layi.

Wani zai ce: mi yaro zai samo ga yawo? Mu ɗauki misali kusa. A ce lakwal guda ta Maraɗi ta shirya zuwa Katsina da Kano. Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a kai kilomita 100 ba. Kar ta bi ta Ɗan Isa, ta tsaya wurin ƴan duwan da ƴan sanda, ta shiga Jibiya. Nan yara za su ga babban madatsin ruwa. Ruwan nan da aka tare shi ne Gulbin Maraɗi, wanda uwayensu ke noman rani ga bakinshi. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa wurinmu, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Yaron da ya tsaya bakin madatsin ya gane dalilin da ya sa ruwa ke zuwa garinsu wata shekara da yawa, wata shekara kaɗan, kuma ya gane dalilin da ya sa ƙasashen biyu ke zama su yi magana bisa rabon ruwa.

A Katsina za a kai su hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawo wanda ake cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Korau yake. Nan ne mushe zai tuna musu tarihi. Wajen shekara ta 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin. Sarakunan da aka kora suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce mishi. Iyakar da ta raba garuruwan biyu kuwa, Faransa da Ingila suka shata ta, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Wannan duk yana cikin littafi, amma yaro ya fi riƙe shi in ya gani da idonshi.

Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne. A Kano akwai hawan Dutsen Dala. Da sassafe ake hawa, kafin rana ta yi zafi, kowa da gorar ruwanshi. Daga bisa ana hangen birni duka, da Goron Dutse can gefe. In sun sauko, sai marinar Ƙofar Mata, inda ake rinin baba cikin ramu, sai kasuwar Kurmi wadda ta kahu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ɗan Damagaram da ya shiga Kurmi, sawun kakanninshi fatake yake bi. Su kam ƴan lakwal na Damagaram, hanyar Daura ta fi musu, su sha ruwan rijiyar Kusugu. Na Tawa su bi Ƙwanni da Illela su faɗa Sakkwato.

Amma a ganina, ribar tafiyar ba ga gine-gine take ba. Tana ga maraice, lokacin da baƙi da ƴan gari suka haɗu filin makarantar da ta sauke su. Namu da faransanci suke karatu, nasu da ingilishi. In kowa ya tsaya ga harshen aji, ba mai jin wani. Sai a koma hausa. Nan dariya ke farawa. Namu ya ce lakwal, wancan ya ce makaranta. Namu ya ce bik da kaye, wancan ya ce biro da littafi. Namu ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100, wancan ya buɗe baki, shi naira ya sani. Kafin a jima an raba ƙungiya biyu, an gauraya baƙi da ƴan gari, ana ƙwallo, ana langa. Wasu su ɗebo ruwa, wasu su share fili, wasu su shimfiɗa tabarmi. Ɗan sarki da ɗan talaka akushi guda. In an zo ga kokowa, namu na da abin faɗi, tunda tun 1975, da aka fara a Tawa, ake kokowar takobi ta ƙasa. Su kuma su ba namu labarin dambe. Ran komowa a yi musayar lambar waya da adireshi, wasu har da kuka.

To, sai dai a yi hankali. Iyaka ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, an sake rufe ta a 2023, sai watan Maris na 2024 aka buɗe. Kuma a Janairu na 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar Sedeyawo. Don haka kar a dogara ga yadda aka saba, direkta ya je wurin hukuma ya tambayi takardun da ake nema. Akwai kuma ƴan bindiga da suka addabi dazuzzukan Jibiya da Madarumfa shekarun nan. In hukuma ta ce hanya ba lafiya, a ɗage tafiya, ko da an riga an tara kuɗi. Ba a tafiyar dare da yara.

Ku uwaye, kafin ku sa hannu, ku tambaya: su wa za su raka yaran, manya nawa ga yara nawa? In da ƴan mata, wace madam za ta tafi da su, ina za su kwana? Ku rubuta sunan mushe da lambarshi cikin kayenku. Kuɗin da kuka biya a ba ku takardar shaida.

Abin da ya fi hana ɗiyan ƙauye tafiya, rashin takardar haihuwa ne. Sai ka ga kar ta cika da ɗiyan ma'aikata, ɗan manomi da ya fi su ƙoƙari cikin aji yana tsaye yana ɗaga musu hannu. Wannan bai kamata ba. Wanda bai yi wa ɗanshi takarda ba lokacin haihuwa, ya je wurin alƙali da shaidu a ba shi madadinta, tun yanzu, kar ya jira mako guda kafin tafiya. Haka allurar shawara: gidan likita ake yin ta, a ba da kati mai ruwan ɗorawa, kuma sau guda ta isa har iyakar rai. A ajiye katin wurin da gara ba ta kai.

Malaman yaƙi da jahilci, ga aikin wannan mako. Ku zana hanyar Maraɗi zuwa Kano bisa allo, kowa ya rubuta sunayen garuruwan da muka ambata bi da bi, ya tara kilomita. Sannan kowa ya gwada sa hannunshi sau biyar, iri guda.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.