Inabi Marar Ƙwallo: Gado Ne, Ba Magani Ba



Waɗansunku sukan ga inabi marar ƙwallo a kasuwar Jimeta, su ƙi saye don tsoron an yi masa magani. To, ku kwantar da hankalinku. Wannan hali gado ne.

Itacen inabi yana da zaren gado tagwaye 19 a cikin ƙwayoyin jikinsa. A shekarar 2018 masana a ƙasar Sifen suka nuna cewa wani ɗan canji a kan zare na 18 shi ke jawo haka. Fure yakan ɗauki barbara, ƙwallo ya soma, sai ya tsaya tun yana ɗanye, amma ɗan itacen ya ci gaba da girma har ya nuna. Tun ɗaruruwan shekaru ake noman irin da ake kira Sultana, wanda ake busarwa ya zama zabibi.

Manoma kuwa, ku lura. Reshe ake dasawa ko a yi masa aure, kamar yadda kuke yi wa mangwaro. Kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan sayar muku da ƙwallonsa. Ku nemi shawarar malamin gona tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka.