Shafen ɗakunanmu kafin ɗari ya wuce

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ƴan'uwa da suka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Arlit, da waɗanda suka dawo daga Kano, Legas da Abijan, sannunku da zuwa.

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. An yi bukukuwan aure, an yi sallar 18 ga Disamba, kokowar takobi ma mun saurare ta a rediyo har ta ƙare. Baƙi sun watse. To, yanzu kowa ya shiga ɗakinsa ya ɗaga kai ya dubi bango. Hayaƙin wutar da muke jin ɗumi da ita ya mai da shi baƙi ƙirin. Inda amarya ta kafa ƙusa ta yi jere, ƙasa ta zube. Ga tsaga daga ƙarƙashin azara har ƙasa, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu a ɗakunanmu ba ƙadangare kaɗai ba ne, har da kunama da kuɗin cizo da gara.

Abin da ya sa muka kawo maganar yau, lokacin aikin ne ya yi. Aikin gona ya ƙare, samari suna gida, rijiyoyi kuma da sauran ruwa. In muka bari har bazara, ruwan sha ma sai an yi dogon jira a bakin rijiya, balle na kwaɓa ƙasa, kuma masu ƙarfin duk sun koma ci-rani. Sai dai kada a yi gaggawa. Wanda ya shafe ɗaki yau ya hura wuta a ciki gobe, ya yi aikin banza. A fara gyaran tsaga yanzu, shafe kuwa a bar shi sai sanyi ya fara sassautawa.

Akwai kuskuren da mu ƴan bariki muke yi, gara mu faɗe shi da bakinmu. Mun ga gidajen birni da fenti mai sheƙi, sai mu sayo gwangwani mu zo mu shafa a ɗakin tsohuwa, wai mun yi mata gata. Wasunmu ma har da yaɓen siminti a kan bangon ƙasa. Mun gwada wannan a ɗakin baƙi na ƙungiya, kuma duk kun ga yadda ya ƙare. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Fentin mai da siminti suna toshe masa hanya, danshin ya taru a baya yana cin ƙasar, mai ɗaki bai sani ba don fuskar bango tana sheƙi. Damina 2 kawai ya yi, muka ƙwanƙwasa muka ji kamar ganga, daga baya ya ɓamɓaro falle-falle. Simintin Malbaza ba shi da laifi, a kan bulo aikinsa yake. Mu ne muka ɗora shi inda ba wurinsa ba.

Kada a ɗauki wannan maganar ado ce kawai. Ba mu manta da daminar 2024 ba, yadda gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a kan mutane a jihar Maraɗi da sauran jihohi. Har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ruwa ya kayar da shi cikin watan Satumba na shekarar. Ɗakin da ake shafewa kowace shekara, ana ganin ciwonsa tun yana ƙarami. Wanda aka rufe da fenti aka manta, sai ranar da ya faɗi.

Yadda iyayenmu suke yi, ga su nan zaune, in mun yi kuskure su gyara mana. Ana fitar da kaya duka a shanya su a rana. A hau soro a duba rufi da indararo, a soka wuƙa a bakin azara a ji ko gara ta ci. A kankare tsohon shafe da baƙin hayaƙi. Ƙasar yaɓe a kwaɓa ta da ƙaiƙayi ko ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana kamar mako guda ana juyawa har ta ruɓa. Kafin a yaɓa, a yayyafa wa bango ruwa, don iskar hunturu tana busar da yaɓe da sauri, shi ke sa shi tsattsagewa. Bayan ya bushe sai farar ƙasa. A jiƙa ta tun daren jiya, a tace, a zuba ruwan ƙaro kaɗan don kada ta riƙa bin rigar mutane. A yi shafe marar kauri sau 2, ya fi mai kauri sau 1. Ƙasan bango da daɓe kuwa, makuba ce maganinsu. Ɗorawa ta yi ƙaranci a dajinmu, gaskiya ne, amma ana samun ɓawonta a kasuwa, kuma tsofaffin matan da suka iya jiƙa ta suna nan da ransu. Ƴanmatanmu su je su koya.

Wanda ɗakinsa na bulo ne, ya ce lalle sai fenti, ba mu hana shi ba. Ya nemi na ruwa. Wasu fentin mai suna da darma a ciki, kuma yaro mai rarrafe in yana ɓantarar ɓawonsa yana kai wa baki, tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kada kuma a kwana cikin ɗakin da aka shafa wa fenti a ranar, ko a rufe ƙofa da taga don sanyi, balle a kai garwashi ciki.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Za mu yi gayya ranar da ba kasuwa, mu fara da ɗakunan gwauraye tsofaffi da na matan da mazansu ke tafiya, sannan makarantar allo. Kowane ɗan ci-rani zai ba da jika 2 don farar ƙasa da ƙaro da goron magina. Wanda zai koma kafin ranar ya bar kuɗinsa wurin ma'aji, ya kuma faɗi wanda zai tsaya a kan ɗakin mahaifiyarsa. Masu amalanke su fara ɗauko ƙasa daga kududdufin gabas tun gobe.