Tsakuwar Ƙoda Da Maganar Kanwa: Jawabin Taron Wata-Wata

 



Ni ba likita ba ne, kun sani. Ɗan kasuwa ne a Monday Market, karatuna na Islamiyya ne. An ba ni wannan dama ne don sau biyu tsakuwar ƙoda tana kayar da ni, a 2019 da kuma 2022. Wanda bai taɓa ji ba, Allah ya sa kada ya ji. Ciwo ne daga kwiɓi har mara, namiji da gemunsa yana birgima a ƙasa.

Da ta farko ta fita, sai na ɗauka an gama. Ashe ba a gama ba. Wajen rabin waɗanda suka yi ta, tana dawo musu cikin shekara 5 zuwa 10 in ba su sake hali ba. Dalili kuwa, a cikin fitsari take haɗuwa, kamar yadda gishiri ke daskarewa a gindin tukunya in ruwa ya ƙone. To ku duba garin nan. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, mutum yana rumfa tun safe, gumi na zuba, ba ya shan ruwa don kada ya bar ciniki ya tafi bayi. Abin da ake so, mutum ya fitar da fitsari lita 2 da rabi a yini. Wato ya sha kamar lita 3, leda 6 ta fiya wata, lokacin bazara ma fiye. Da azumi a rarraba shi daga buɗa-baki zuwa sahur.

Amma abin da ya tsayar da ni yau shi ne kanwa. A karo na biyu likita ya auna fitsarina, ya ce tsaminsa ya yi yawa, tsakuwata irin ta yurik asid ce. Ya rubuta mini potassium citrate, wanda ke kashe tsamin fitsari, har yakan narkar da irin wannan tsakuwa. Da na dawo kasuwa, wani abokina ya karanta takardar ya yi dariya. Ya ce, "Alhaji, ai kanwa ce! Ba ita ake ce wa potash ba? Ga ta nan tuli daga Tafkin Chadi, za ka kai kuɗinka kyamis?" Wallahi saura kaɗan in bi shi, kun san ɗan kasuwa da son sauƙi.

Allah ya taimake ni na koma na tambaya. Suna ne kawai ya yi kama. Mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri, shi kuwa yana ƙara kalshiyam a fitsari. Tsakuwar kalshiyam kuma ita ce ta fi yawa a jikin mutane. Ga shi kanwa ba ta da awo, kowane dunƙule da ƙarfinsa. Mai hawan jini kuma ya ƙara wa kansa wata wahalar.

Shi ma maganin likitan ba na rabawa ba ne. Wanda ƙodarsa ta yi rauni, potassium na iya taruwa a jininsa ya taɓa zuciya. Mai tsakuwar kalshiyam wani lokaci ƙwayar thiazide ake ba shi, wani kuma allopurinol. Saboda haka in tsakuwa ta fito, kada a yar, a kai wa likita. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri nan kusa, yana da sashen ƙoda.

A gida, iyaye mata, a rage gishiri da dunƙulen Maggi. Mu maza mu sassauta wa tsire da kayan ciki. Nono kam kada a daina, yana ma taimakawa in an sha shi tare da abinci. Ni kullum ina matsa lemun tsami a ruwana, ga gorar nan a hannuna, duk mai so ya zo bayan addu'a in nuna masa awonta.