Jawabi Kan Kwamfutar Da Allonta Ya Yi Baƙi

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, da yawanmu mun koma Windows 11, sai ga allo baƙi ƙirin. To jama'a, kada mu yi garajen canja allo, asarar kuɗi ce. Galibi direban hoto ne bai jitu da sabon tsarin ba. Mu fara danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. In abin ya ƙi, mu shiga Safe Mode mu maido da tsohon direban. Komawa Windows 10 kuwa, kwana 10 kacal aka ba mu. In suka wuce, sai an sake zuba ta daga farko, don haka mu kwafe takardunmu tun yanzu.