Jawabi a Kan Ɗinkin Bargon Ƙyallaye

 Ga damina ta janye, kaka ta shigo, saura kaɗan iskar hunturu ta taso. Kowace uwa a cikinku ta san yadda dare ya kan zama a watan Disamba da Janairu. Yara uku su kan cusu ƙarƙashin zane guda, wannan ya ja, wancan ya ja, gari ya waye duk suna tari da majina. Bargon kanti kuwa sai da kuɗi, ko na gwanjo ma ba kowa ke iya saya wa kowane yaro nasa ba. Saboda haka yau za mu yi magana a kan bargon da mace za ta ɗinka da hannunta, da ƙyallayen da ke zube a ɗakinta.

Irin wannan bargo hawa uku gare shi. Akwai fuska, watau ƙyallaye da aka harhaɗa. Akwai shafi daga ƙasa. A tsakaninsu kuma akwai ciko. Sai a bi su da allura a ɗinke duka ukun tare. Iskar da ta maƙale cikin cikon nan ita ke tsare ɗumin jiki, shi ya sa ya fi zane uku da aka rufa ɗaya bisa ɗaya.

Kada wata ta ce wannan aikin Turawa ne. Wadda ta taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ta ga 'yan lifidi. To, mene ne lifidi? Tufa ce biyu aka cusa wa auduga a tsakani, aka ɗinke layi layi, aka sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta kasa ratsawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Kun ga ɗinkin nan ya haura shekara 600 a ƙasarmu. Abin da ya tare kibiya, ai sanyi ba zai gagare shi ba.

Tsofaffin cikinku kuma sun tuna zamanin gwado. In an ɗebe auduga, mata su kan gurje ta su fid da angurya, su shiɓe ta da baka, sa'an nan kowa ta jawo taskirarta da mazari da alli. Da dare a zauna gindin fitila, mazari na juyawa, kaka tana ba jikoki tatsuniya har barci ya kwashe su ɗaya ɗaya. Abawar da aka kaɗa a kai wa masaƙi, ya saƙo ƙwarya ƙwarya, a haɗa a ɗinke ya zama gwado. Gwado guda ya kan yi wa mutum shekaru, in ya tsufa kuma ba a yar da shi, sai a ninka a shimfiɗa wa yaro. A zamanin nan kowa ya san wahalar da zare guda ya sha kafin ya zama tufa. Da yadin inji ya yawaita, tun ba bayan da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 ba, sai mazari ya koma ƙarƙashin gado. Ni ban ce a koma kaɗi ba, wahalarsa ba kaɗan ba ce. Amma halin nan na ƙin yar da tufa, shi na ke so mu ɗauko.

To, ga yadda a ke yi. Bargonki na fari ki yi ƙarami, na yaro. Wadda ta fara da na gadon miji ta kan gaji a tsakiya, aikin ya kwana shekara a cikin kwalla.

Ki tara ƙyallaye, na tsofaffin zannuwa da na wurin tela. Ki zaɓi na auduga, ki bar masu santsi da masu talewa. Ki wanke su duka tukuna, gama sabon yadi ya kan tsuke in ya sha ruwa, wani kuma ya kan zuba ya ɓata na kusa da shi. Ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 da rabi kowane gefe. Da shi za ki riƙa auna kowane ƙyalle, ki zana, ki yanka. Rabin incin nan na ɗinki ne, kwata a kowane gefe. Ki yanki guda 48. In kin jera 6 a faɗi, 8 a tsawo, za ki sami bargo mai faɗin yadi 1 da tsawon ƙafa 4.

Kafin ki taɓa allura, ki jera su bisa tabarma, mai duhu kusa da mai haske, ki ja da baya ki duba. Nan ne daɗin aikin ya ke, kada ki yi garaje. Sa'an nan ki ɗinka shida shida su zama layi, ki haɗa layukan, ki bi bayan da dutsen guga don ɗinkin ya kwanta.

Ciko kuwa, tsohon gwado ko tsohon zane mai kauri ya fi sauƙi ga mai koyo. Audugar rimi a bar wa matashin kai, tana dunƙulewa in an wanke. Ki shimfiɗa shafi, ki ɗora ciko, ki ɗora fuska, ki kama su da dogon ɗinki na wucin gadi. Ɗinkin gaske ki fara shi daga tsakiya ki nufi baki, in ba haka ba bargon zai tattare. Tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin yatsa huɗu. Ki ɗaura ɗan guntun fata a yatsa saboda allura. Daga ƙarshe ki naɗo bakin shafi bisa fuska ki kalmashe. Abu guda kuma, jaririn da bai shekara ba kada a rufa masa bargo mai kauri, yana iya toshe masa numfashi. Shi a ƙara masa riga.

In kun fara za ku ga wani abu. Kowane ƙyalle da labarinsa. Wannan zanen suna ne, wannan rigar makarantar yaron da ya yi nisa, wannan kallabin tsohuwa ne, Allah ya jiƙanta. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama, ana kiransa Gee's Bend, mutanensa jikokin bayi ne da aka kai daga Afirka. Talauci da sanyi suka sa matansu ɗinka barguna da tsofaffin kayan gona. Wata daga cikinsu, Missouri Pettway, da mijinta ya rasu sai ta tattara rigunansa da wandunansa na aiki, ta ɗinka bargo da su a 1942, ta riƙa rufa da shi. A 2002 aka baje bargunan ƙauyen nan a birnin Houston, daga nan aka kai su New York, mutane suka yi ta zuwa kallo. A 2006 gidan wayar Amurka ya buga hoton guda 10 a jikin kan sarki.

Ranar haɗuwarmu ta gaba kowa ta zo da ƙyallayenta wankakku, da almakashi, da allura da zare, da guntun kwali. Wadda ba ta da abin awo kada ta damu, za mu auna kwalin a nan. Wadda kuma ta ke da tsohuwa a gida da ta san gwado, ta yi ƙoƙari ta zo mana da ita.