Tayar da Za Ta Kai Mu Gida: Jawabi ga 'Yan Uwa Mazauna Birane

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, da 'yan uwa maza da mata da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Legas, muna yi muku barka da zuwa gida.

Mu da muke zaune a gida, mu ke tarbarku duk salla, mu ne kuma kan karɓi mummunan labari idan hanya ta ci wani. Sau da yawa in aka tambayi dalili, sai a ce taya ce ta fashe. Ajali gaskiya ne, amma an umurce mu da riƙo da sababi. Saboda haka muka zaɓi mu yi magana a kan taya, wadda ita kaɗai ce take haɗa mota da ƙasa.

Da farko mu dubi yanayinmu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, kwalta kuwa ta fi haka zafi. Da damina ga ruwa kwance a kan titi, ga ramuka, ga taɓo a hanyar burji. Tun da masana'antun Michelin da Dunlop suka daina yin taya a ƙasar nan a 2007 da 2008, galibin tayoyinmu daga waje suke zuwa, kuma da yawa na hannu ne, waɗanda muke kira Beljiyam. A cikinsu akwai na ƙasashen ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu taushi gare ta, don sanyi aka yi ta; a kan kwaltarmu nan da nan take cinyewa. Araha ba ta ado.

Na biyu, mu koyi karanta rubutun da ke jikin taya, domin ba ado ba ne. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In an ga 1823, an yi ta a mako na 18 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a canza taya in ta cika shekara huɗu, domin roba tana bushewa ko da motar ajiye take. Sannan a nemi darajar jure zafi, wato A, B ko C. Ta A ita ce gaba, ita ce ta fi dacewa da mu. In kuma an ga 195/65 R15 91H, faɗinta milimita 195 ne, wilinta inci 15, lambar 91 kuwa tana nufin iyakar nauyin da za ta ɗauka kilo 615 ne. Wanda ya cika mota da iyali, ya ƙara da buhunan masara a but, ya tuna da wannan lamba. A sayi girman da kamfanin motar ya ƙayyade, ba wanda mai shago yake son rabuwa da shi ba.

Na uku, zanen taya. Ta cikinsa ruwa yake kucewa daga ƙarƙashinta. In zurfinsa ya gaza milimita 1.6, taya ta suɗe, kuma da damina sai ta riƙa sulɓi a kan ruwa, burki ya ƙi ci, sitiyari ya ƙi ji. Haka nan duk tayar da ta yi ƙulu a gefe bayan faɗawa rami, zaren cikinta ya tsinke, babu facin da zai gyara ta. In ƙarfinmu na taya biyu ne kawai, a sa sababbin a baya, domin in bayan mota ya zame, da wuya direba ya shawo kanta.

Na huɗu, iska. Wasu direbobi kan rage iska da bazara wai don gudun fashewa. Wannan kuskure ne babba, domin taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa, ta fi yin zafi, ta fi saurin fashewa. Ma'aunin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. A auna da safe kafin a kama hanya, wurin mai faci mai geji na ƙwarai, kada kuma a manta da safaya. In Allah ya ƙaddara taya ta fashe ana cikin gudu, kada a danne burki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, har mota ta rage gudu a sauka gefe.

Daga ƙarshe, muna roƙon kowane reshe na wannan ƙungiya ya ware rana guda kafin ƙaramar salla da babba, a taru a duba tayoyin juna. Mata kuma ku tambayi maigida shekarun tayarsa kafin ku sa yara a mota, haƙƙinku ne. Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, amma duk da gudummawarku aka yi, kuma garin nan yana buƙatarku da ranku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.